Tasbihi Bakwai Kafin Inji Ya Sauya Murya

Har yau in na tuna ranar Asabar ɗin nan sai na sauke ajiyar zuciya, don saura ƙiris bakina ya ɓata abin da hannuna ya je gyarawa.

Sunana Sa'adatu. Aikin wuta nake yi a wani kamfanin robobi da ke wajen Dakata, ni ke kula da akwatunan da ke tayar da injina da tsayar da su. Shekarata takwas a kai. Mahaifina kuwa, Malam Lawan, shekararsa ashirin da uku yana aiki a gidan Alhaji Aƙilu a Nassarawa GRA. Gida ne babba, ɓangaren Alhaji a gaba, benaye biyu na 'yan haya a baya. Baba ne mai kula da shuke-shuke, shi ne kuma mai kunna injin da ke tura ruwa daga tankin ƙasa zuwa tankunan sama. A ɗakunan bayan gidan na girma, kuma har yanzu nan suke shi da Inna.

Ranar Juma'a da la'asar, ina tsakiyar tankaɗen gari a gidana a Kawaji, Inna ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"An sallami babanku."

"An me?"

"Wai ya ƙona injin ruwa. Alhaji ya ce zuwa Litinin mu kwashe kayanmu."

"Yaushe aka yi haka, Inna?"

"Tun Laraba. Shi ya hana a gaya miki."

Wallahi rariyar ma ban san inda na jefa ta ba. Mutumin da bai taɓa fasa ko tukunyar fulawa a gidan nan ba, shi za a kora kamar ɓarawon kaza? Kuma ya koma ina? Gonar ƙauye 'yan'uwa sun daɗe da rabe ta.

Da safe na ɗauki jakar kayan aikina na tari adaidaita. Na samu Baba a gaban gida yana ba furanni ruwa da bokiti, ruwan da aka saya wajen 'yan garuwa. Wai mutumin da aka kora ke nan. Ya ɗago ya gan ni da jaka, fuskarsa ta canza.

"Uwata, me ya kawo ki?" Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa haka yake kira na.

"Baba ina kwana. Na zo ganin injin."

"Injiniya ya riga ya gani. Ki koma gidan mijinki, kada ki ja min magana."

"Ka dai gaya min yadda aka yi."

Ya ajiye bokitin, ya goge hannu a jikin rigarsa. Sannan ya fara a hankali.

"Kin san yadda yake. In na danna kore, sai na ji tas, inji ya tashi da murya ƙasa-ƙasa. Ni kuma sai na fara tasbihi. Subhanallah bakwai nake yi, sai na ji tas ta biyu, murya ta washe, ruwa ya kama hanya. Shekara da shekaru haka muke da shi. To ran Laraba na yi bakwai, shiru. Na kai goma, shiru, inji sai nishi yake. Sai na danna ja."

"Sau nawa ka gwada?"

"Sau uku. A na ukun na ji ƙauri."

Na san ƙauri ba alamar alheri ba ce, amma ban nuna masa ba.

"Injiniya Falalu ya zo," in ji Baba, "ya buɗe ƙofar ɗakin, ya shaƙa, ya ce moto ya ƙone. Ya ce kunna-kashen da na yi ta yi ne ya cinye shi. Ya tsaya gaban Alhaji ya jero sunaye, wannan kaza, wancan kaza, ya rubuta a takarda da Turanci. Alhaji ya juyo ya ce, Lawan me za ka ce? To me zan ce, Uwata? Ko ɗaya ban san sunansa ba. Na ce a yi haƙuri."

Nan ne raina ya ɓaci sosai, don abin da Baba ya gama faɗa min a tsaye, da Hausarsa ta Ringim, shi ne abin da na kwashe zango guda ina haddacewa a makaranta. Babban moto, wato abin da ke juya inji, ba a sakar masa wuta gaba ɗaya. Ana fara tayar da shi da sauƙi, wannan haɗin shi muke kira sita. In ya ɗauki gudu sai a mayar da shi cikakken ƙarfi, wannan shi ne delta. Abin da ke yin tas ɗin nan sunansa kontakta, makunni ne da wuta ke ja da kanta. Mai ƙirga 'yan daƙiƙun da ke tsakanin tas ta farko da ta biyu kuwa ita ce taima. Shi ke nan fa. Baba ya san kowannensu da murya, sunan ne kawai ba wanda ya taɓa zama ya gaya masa. Har da ni, 'yarsa, kuma wannan ya tsaya min a rai.

Na ce zan ga Alhaji. Baba ya ce ba zan gani ba. Muna cikin haka sai ga Alhajin da kansa ya fito baranda da carbi a hannu, fuska a murtuke, don tun Laraba 'yan haya ke buga masa waya. Na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, Sa'adatu ce? Ke da nake ganin ki da tallan gyaɗa a bakin get, yau kin zama injiniya?"

"Ban taɓa talla ba, Alhaji, aike dai nake zuwa."

Baba ya harare ni. Na sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, alfarma nake nema. A bar ni in gwada moton kafin a cire shi. In ya ƙone, da bakina zan faɗa."

"Ko da laifin ubanki ne?"

"Ko da nasa ne."

Ya ci gaba da jan carbinsa. "To ga Falalu nan tafe, yau zai kwance shi. Ki jira ya zo, a yi a gabansa. Ba na son a ce an yi a bayan idon wani."

Wajen ƙarfe goma Injiniya Falalu ya iso. Mutum ne mai jiki, da farar shadda, da biro uku a aljihu. Ka ga mai zuwa kwance moto da farar shadda! Da Alhaji ya gaya masa abin da ake ciki, sai ya dube ni tun daga ɗankwali har takalmi ya yi dariya.

"Hajiya, wannan fa ba dutsen guga ba ne. Wuta ce layi uku."

"Na sani. Da ita nake karyawa kullum."

"To ai ba sai an wahala ba. Duk wanda ya shiga ɗakin nan ya ji ƙauri."

"Au, da hanci ake gwada moto yanzu? Da an gaya mana ai da ba mu ɓata kuɗin makaranta ba, sai mu ɗauko karen maƙwabta ya..."

"Sa'adatu!"

Baba ne. Rabon da ya kira ni da sunan nan tun ina firamare. Na dubi Alhaji, na ga ya daina jan carbin, na san kalma ɗaya ta rage ya ce in fice masa daga gida, kuma in na fita Baba ya bi bayana ranar Litinin. Na haɗiye sauran maganar, da ƙyar ta wuce.

"Injiniya, ka yi haƙuri, na yi rashin kunya. Ka girme ni a aikin nan. Don Allah ka tsaya kusa, ka duba abin da mitar gwajin wuta za ta nuna."

Ya ɗaga kafaɗa. Muka shiga ɗakin injin mu huɗu, ɗaki ne ɗan ƙarami, sai da Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa.

Ƙaurin yana nan kuwa. Tun daga bakin ƙofa ya daki hancina. Na ce a zuciyata, Sa'adatu kin jawo wa kanki, yau da bakinki za ki tabbatar wa ubanki laifi a gaban mutane. Na kashe babban makunni, na gwada na tabbata ba wuta, sannan na durƙusa na buɗe murfin da ke jikin moton. Wayoyi shida ne a ciki, bibbiyu ga kowane ɗaya daga naɗin waya uku da ke cikin moton. Na kwance su. Wani ƙaramin noti ya suɓuce min ya gangara ƙarƙashin injin, Baba ya sunkuya ya lalubo min shi.

In moto lafiyarsa ƙalau, naɗi ukun lamba ɗaya za su nuna. Na ɗora mita a naɗi na farko, lamba ta fito. Na ɗora a na biyu, lambar nan ce dai. Na yi bisimilla na ɗora a na uku.

Ita ce.

"Injiniya, duba."

Ya sunkuyo. Ya karɓi wayoyin mitar daga hannuna ya sake gwadawa da kansa, duka ukun. Na ciro ɗaya na'urar, wadda ke nuna ko wuta na zurarewa zuwa jikin ƙarfe, na gwada kowane naɗi. Lafiya lau. Na kai hancina jikin moton, tunda yau hanci ake yayi, ban ji komai ba sai ƙura da giris. Na juya sandar moton da hannu, ta juya sumul.

Kai, wani sanyi da ya sauko min tun daga ka har tafin ƙafa! Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka. Na daure dai, don aiki bai ƙare ba.

"Ranka ya daɗe, moto lafiyarsa ƙalau."

"To ƙaurin fa?" in ji Alhaji.

Na miƙe na buɗe akwatin wutar da ke jikin bango. Ƙaurin ya bugo mu gaba ɗaya, har Alhaji ya ja da baya yana tari. Ga kontaktoci uku a jere, ga taima a gefensu, ɓarinta ɗaya ya narke ya yi baƙi kamar ƙanzo. Abu ne da bai fi kwalin ashana biyu ba.

"Ga mai ƙaurin nan."

Ina shirin rufe baki sai idona ya sauka ƙasa kaɗan. A ƙarƙashin babbar kontakta akwai wani abu da muke kira obalod. Na ga wata 'yar jar waya ta tsallake shi, an ɗaure ta nan an ɗaure ta can. Na bi ta da yatsa sau biyu don kada in yi wa wani ƙazafi. Na juyo na dubi Falalu. Shi ma wayar yake kallo, goshinsa ya tsattsafo da gumi.

Maganganu sun zo min har bakin leɓe, masu zafi kuwa. Na tuna muryar Baba, na yi gum.

Alhaji ya dube ni, ya dubi Falalu. "Ku yi min Hausa. Ran Laraba an yi min Turanci na kori mutum. Yau a yi min yadda zan gane."

"Alhaji," na ce, "wannan da ta narke ita ce taima. Aikinta ta ƙirga, in lokaci ya yi ta sa inji ya koma cikakken ƙarfi. Da ta mutu, sai inji ya maƙale a ƙaramin ƙarfi yana jan ruwan da ya fi ƙarfinsa. In aka bar shi a haka zafi zai yi ta yi har ya ƙone."

"To, na ji."

"Wannan kuma shi ne obalod. Shi aka sa ya yi gadi. In inji ya ɗauki nauyin da zai cutar da shi, shi zai yanke wuta da kansa ko ba kowa a wurin. Amma ka ga jar wayar nan? An zagaye shi da ita. Ko inji zai kama da wuta, ba zai yanke ba."

"Wa ya sa ta?"

Na kau da kai. Ba ni zan faɗa ba.

Falalu ya cire hularsa ya share goshi. Gaskiya a nan ya burge ni, don da wani ne sai ya ce bai taɓa ganinta ba.

"Ni ne, Alhaji. Bara, lokacin da wuta ke zuwa ba ƙarfi, yana ta yankewa kuna ta kira na. Na sa ta a kan zan dawo in cire. Sai na manta."

"Bara?"

"Bara, ranka ya daɗe."

"Wato shekara guda injin nan ba mai gadinsa?"

"Yana da shi, Alhaji," na ce. "Shekara guda ke nan kunnen Baba ne obalod ɗin gidan nan. Ran Laraba da ya ji tas ta biyu ba ta zo ba, ya kashe. Da ya bar shi ya tafi ban ruwan fulawa, yau da gaske moton za a kwance."

Baba yana tsaye a lungu, kansa a ƙasa, kamar ba da shi ake ba.

Falalu ne ya fara motsi. Ya ce yana jin akwai taima a bayan motarsa, ya fita da sauri, ya dawo da ita a hannu, shaddar nan duk ta sha baƙin mai. Shi ya riƙe min fitilar waya, ni na ɗaura. Na mayar da wayoyin moton, na cire jar wayar na miƙa masa, ya cusa ta a aljihu. Na saita obalod daidai da lambar da ke jikin moton, shi ma ya leƙa ya ce haka ne. Saura saita taimar.

"Daƙiƙa nawa tsohuwar take?" na tambaye shi.

Ya juya narkakkiyar a hannunsa, lambobin sun goge. "Ban riƙe ba. Sa biyar mu gani."

"Baba, zo ka yi mana tasbihinka yadda ka saba."

Baba ya dubi Alhaji kamar mai neman izini. Alhaji ya gyaɗa kai. Baba ya matso, ya fara, Subhanallah, Subhanallah, ba sauri ba ja, ni kuma ina kallon agogon wayata. Da ya kai na bakwai na tsayar. Daƙiƙa takwas. Na sa ya maimaita, takwas ɗin dai. Na murɗa taimar zuwa takwas, na rufe akwatin, na mayar da wuta.

"Bisimilla, Injiniya," in ji Alhaji.

"A'a," in ji Falalu. "Malam Lawan ya kunna abinsa."

Baba ya goge yatsansa a riga, ya yi bisimilla, ya danna kore. Tas! Inji ya tashi da muryar nan tasa ta ƙasa-ƙasa. Leɓen Baba na motsi. Ban san lokacin da na kama bin sa ba, na ji Alhaji ma daga bakin ƙofa yana yi, huɗu, biyar, shida.

Tas!

Murya ta washe. Bututu ya yi 'yar girgiza, muka ji ruwa ya kama hanyar sama. Can daga bene wata mata ta rangaɗa guɗa, wai famfonta ya fara tari.

"Alhamdulillahi," in ji Alhaji. Ya faɗa ya fi sau uku. Sannan ya juyo wajen Baba, ya tsaya yana gyara hula, ka san manya da ba da haƙuri, sai sun yi ta kewaye.

"Malam Lawan, maganar Litinin ɗin nan a bar ta."

"To, ranka ya daɗe."

"A'a, ba to ba. Na yi maka ba daidai ba. Shekara ashirin da uku, ban tsaya na ji ta bakinka yadda ya kamata ba. Ka yafe ni."

"Ba komai, Alhaji. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Falalu ma ya miƙa masa hannu biyu. Da zai tafi ya tambaye ni a wane kamfani nake, na gaya masa, ya ce ashe shi ya sa. Ban san me shi ya sa ɗin ke nufi ba, ban kuma tambaya ba.

Na shiga wajen Inna, ta rungume ni tana kuka tana dariya, ta dafa min taliya da manja na ci har na yi nak. Bayan azahar na ɗauki jakata. Baba ya ce zai raka ni bakin titi, abin da bai saba ba. Muka fito get, muka bi gefen katanga ƙarƙashin itatuwan darbejiya, yana gaba ina biye. Ni a raina daɗi fal, ina ta zuba, ina ba shi labarin yadda fuskar Falalu ta yi da ya ga jar wayar. Shi ko sai tafiya yake, kansa a ƙasa.

Sai da muka yi nisa da gidan ya tsaya. Ya waiga ya tabbata ba mai jin mu, sannan ya rage murya.

"Uwata, tsakaninki da Allah zan tambaye ki."

"Ina ji, Baba."

"Da gaske ban ƙona shi ba? Ko rufa min asiri kika yi?"

Na tsaya ina kallonsa. Sai a lokacin na lura da yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ashe duk kwanakin nan ba korar ce kaɗai ke cin sa ba. Mutum mai takarda ya faɗa da sunaye, shi kuma ya yarda.

"Wallahi Baba ba ka ƙona shi ba. Wallahi tallahi. Kai ka cece shi."

Ya daɗe yana kallona, yana neman ƙarya a fuskata, bai samu ba. Sai ya dafa katanga, ya sauke wani dogon numfashi, ya sa bakin hannun riga ya goge ido.

"To alhamdulillahi," ya ce. "Tun Laraba abinci ba ya wuce min. Bari in koma, Allah ya sa innarki ta rage taliyar nan."